Malamin Ɗanki, Da Wa Yake Shawara?

Uwargida, ranar da kika je duba makarantar da za ki sa ɗanki, me kika tambaya? Yawancinmu da kuɗin makaranta muke farawa, sai nisanta da gida. Daga nan mu leƙa aji mu ga ko akwai benci da fanka, mu zagaya mu duba banɗaki. Wata ta tambaya ko ana Turanci sosai, wata kuma ko akwai hadda. Duk tambayoyi ne masu kyau. Sai dai akwai guda ɗaya da ba kasafai muke yin ta ba, alhali ta fi fentin bango tasiri a kan karatun yaro: shin malaman makarantar nan suna zama tare su tattauna yadda suke koyarwa, ko kuwa kowa tasa ta fisshe shi?

Kada ki ɗauki tambayar da wasa. A shekarar 2022 Bankin Duniya, tare da UNICEF da UNESCO da wasu hukumomi, ya fitar da rahoto a kan karatun yara. Rahoton ya ƙiyasta cewa a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin tattalin arziki, yara bakwai cikin goma 'yan shekara goma ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi. A Afirka kudu da Sahara kuwa, adadin ya kusa tara cikin goma. Da yawa daga cikin yaran nan suna zuwa makaranta kullum. An saya musu yunifom, an ba su kuɗin tara, sun zauna a gaban malami shekara uku ko huɗu, amma karatun bai zauna ba.

Dalilan suna da yawa, kuma kin san wasunsu: cunkoso, rashin littattafai, yunwa, rashin zuwan malami. Yau dai ɗaya za mu duba, wato kaɗaicin malami a bakin aikinsa.

Aikin da ake yi a bayan ƙofa

Ki duba rayuwar sabuwar malama. Ta yi shekara uku a kwalejin ilimi ta samu NCE, an ɗauke ta aiki, an miƙa mata alli da rajista, an nuna mata aji mai yara tamanin. Daga ranar nan ita kaɗai ce. Idan ta koyar da darasi yara ba su gane ba, babu wanda ya gani balle ya ce mata ga inda aka kuskure. Idan kuma ta gano wata dabara mai kyau, dabarar a ajinta za ta tsaya. Malamin da ke ajin da ke jikin nata, bango ɗaya ne tsakaninsu, yana iya shekara goma yana fama da matsalar da ita ta warware tun bara.

Mu ma'aikatan jinya ba haka aikinmu yake ba. Mai aikin dare ba ta tafiya gida sai ta miƙa aiki ga ta safe, gado bayan gado: wannan ya kwana da zazzaɓi, wannan an canja masa magani, waccan a sa mata ido don jininta yana sauka. Idan likita ya fito zagaye, a tsaye ake tattauna mara lafiya, babba ya tambayi ƙarami, ƙarami ya tambayi babba. Sabuwar nas ba ta fara sa allurar ƙarin ruwa ita kaɗai, sai wata ta tsaya a kanta ta ga hannunta ya faɗa. An tsara haka ne saboda an san mutum ɗaya yana mantuwa, yana gajiya, kuma akwai abin da idonsa ba zai gani ba.

To ƙwaƙwalwar yaro ɗan shekara shida fa? Ita ma amana ce. Me ya sa za a bar ta a hannun mutum ɗaya da ba shi da abokin shawara?

Yadda malaman Japan suke yi

A ƙasar Japan malaman firamare suna da wata al'ada da ta haura shekara ɗari, wadda za mu iya kira nazarin darasi. Malamai kaɗan ne za su haɗu su zaɓi abu ɗaya da yake ba yara wuya. Su zauna su tsara darasi guda a kansa, wani lokaci su ɗauki makonni suna gyarawa. Ranar da aka sa, ɗayansu ya koyar, sauran su tsaya a gefen aji da takarda da biro.

Abin lura shi ne inda suke sa ido. Yaran suke kallo. Wa ya gane? Wa ya yi shiru? Wace tambaya ce ta rikita su? A ce darasin lissafi ne, an ba yara 13 a ɗebe 9. Wani yaro zai ƙirga da yatsu yana komawa baya har ya ɓace a hanya. Wata yarinya kuma za ta ɗebe 9 daga cikin 10, saura 1, ta haɗa da 3 ta samu 4. Masu kallo za su rubuta duka biyun. Bayan an tashi sai a zauna a tattauna: yaya za a yi dabarar yarinyar nan ta isa ga sauran yara? Sai a gyara darasin, wani lokaci wani malamin ya sake koyar da shi a nasa ajin.

Tunda tare aka tsara darasin, idan bai yi kyau ba, ba a ɗora wa wanda ya tsaya a gaban allo laifi. Na kowa ne. Wannan shi ke cire kunya da tsoro.

Duniya ta ƙara sanin wannan hanya bayan da wasu masana biyu na Amurka, James Stigler da James Hiebert, suka wallafa littafi a 1999 inda suka kwatanta yadda ake koyar da lissafi a Japan da Jamus da Amurka. Hukumar JICA ta gwamnatin Japan ta taimaka wajen kawo irin wannan tunani Afirka. Kenya ta fara shirin ƙarfafa malaman lissafi da kimiyya a 1998, Zambiya ta fara nazarin darasi a makarantunta a 2005, Nijeriya ma ta yi nata shirin mai suna SMASE, wanda aka soma a jihohin Kaduna da Neja da Filato.

Ki lura da abin da ake buƙata: malamai, aji, takarda, da lokaci. Babu kwamfuta a ciki, babu janareto.

Mu ma mun gada

Kafin ki ce wannan sai mutanen Japan, ki tuna da Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864. Ta ga cewa ita kaɗai ba za ta iya kai ilimi ga matan karkara ba. Sai ta horar da dattawan mata amintattu, waɗanda ake kira jajoji, ta naɗa wa kowacce malfa da jan rawani. Jaji takan jagoranci matan garinsu su zo wurin Nana su ɗauki karatu, su koma gida su koyar da waɗanda ba su samu zuwa ba. Wannan tsari shi ne 'Yan Taru. Malamai mata ne da suka san juna, suke komawa tushe ɗaya su ƙaro sani, kuma tsarin ya ci gaba bayan rasuwarta.

Haka nan mahaddata Alƙur'ani. Duk ƙarfin haddar mutum, yakan nemi ɗan'uwansa su zauna musaffa, wannan ya karanta wancan ya saurara, in an yi tuntuɓe a gyara. Babu alaramman da yake ganin hakan raini ne. Abin da muke nema wa malamin boko ke nan: shi ma ya samu wanda zai saurare shi.

Abin da aka gwada a Arewa

Kin tuna abin da ya faru a Kaduna a 2017? Gwamnatin jihar ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa irin ta 'yan aji huɗu, aka ce 21,780 ba su kai makin da aka yanka ba. An sallami dubbai, an ɗauki sababbi. Mutane sun rabu biyu a kan matakin, har yau ana muhawara. Ko wane ɓangare kike, akwai tambayar da ta rage: sabon malamin da aka ɗauka, wa zai riƙa duba aikinsa yana ɗora shi a hanya? Idan shi ma an rufe shi a aji shi kaɗai, ba a gama magance ciwon ba.

Wasu shirye-shiryen sun gane haka. A jihohin Bauchi da Sakkwato an yi shirin Mu Karanta, wanda ya samar da littattafan koyon karatu da Hausa ga 'yan aji ɗaya zuwa uku, da tallafin gwamnatin Amurka. A Katsina da Zamfara an yi shirin RANA ƙarƙashin UNICEF da tallafin gwamnatin Birtaniya, shi ma a kan karatu da Hausa da lissafi. Dukansu ba su tsaya ga rabon littafi da bitar kwana biyar ba. Sun tsara malamai su riƙa haɗuwa a kai a kai, a cikin makarantarsu da kuma tare da makarantun da ke maƙwabtaka da su, su gwada darasi a gaban juna. Sun kuma sa jami'ai su riƙa shiga aji suna kallon darasi, bayan an tashi su ba malami shawara.

A Kano kuma, a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa, an fara wani shiri a 2019 mai suna KaLMA, wanda ya ɗauko dabarar ƙungiyar Pratham ta Indiya. Ana gwada kowane yaro a ga inda ya tsaya: wannan bai san harafi ba, wannan yana haɗa kalma, wannan yana karanta labari. Sai a raba su rukuni-rukuni bisa matakinsu na wani ɗan lokaci a rana, ko da ajinsu daban-daban ne. Irin wannan ba ya yiwuwa sai malaman aji huɗu da biyar da shida sun zauna sun yarda cewa yaran nan nasu ne gaba ɗaya.

Me ke hana ruwa gudu?

Gaskiya ɗaya ce, abin ba shi da sauƙi. Malamin da albashinsa bai kai shi tsakiyar wata ba, ana tashi zai ruga kasuwa ko gona ko ya hau babur neman na cefane. Malama kuma tana sauri ta ɗora tukunya kafin yara su dawo daga Islamiyya. Ki ce musu su ƙara awa ɗaya bayan an tashi, kin ɗora musu kaya a kan kaya. Shi ya sa zaman malamai ba ya ɗorewa sai an yanka masa lokaci a cikin jadawalin makaranta.

Na biyu, tsoro. Malamai da yawa ba su taɓa ganin wani ya shigo ajinsu ba sai mai neman laifi. Don haka da zarar an ce za a kalli darasinka, sai gaba ya faɗi. Sai hedimasta ya fara da kansa, ya koyar a gaban malamansa ya ce su gyara masa, sannan sauran za su saki jiki.

Na uku, mun saba da bitar otal. A kwashi malamai a kai su birni, a yi musu lacca, a ba su alawus da jaka, su dawo. Bayan wata biyu an koma gidan jiya, domin babu wanda ya bi su aji ya ga ko abin ya yiwu da yara tamanin. Kuma sau da yawa idan masu tallafi daga waje suka naɗe tabarmarsu, tarukan ma sai su mutu.

Makarantun kuɗi su ma ba su tsira ba. Wasu suna canja malamai kusan kowane zango saboda ƙarancin albashi. Wanda ya san ba zai kai ƙarshen shekara ba, da wuya ya zauna gina wani abu da abokan aiki. Idan kin ga ɗanki ya yi malaman aji uku a shekara ɗaya, ruwa ba ya tsami banza.

Har lafiyar yaron tana ciki

Akwai wani amfani da ba a cika faɗa ba. Yara da dama da ake kira daƙiƙai, lalura ce ke damunsu. Wani ba ya ganin allo daga baya, yana buƙatar tabarau. Wata kunnenta ya daɗe yana zubar da ruwa har jinta ya ragu. Wani jininsa ya yi ƙasa, kullum a gajiye yake yana gyangyaɗi. Mai sikila kuma yana iya rasa mako biyu a zango saboda ciwo, ya dawo an wuce shi.

Malami ɗaya yana iya ganin alamar ya ɗauka lalaci ne. Amma idan malamar aji biyu ta ce wa ta aji uku, "Yarinyar nan in kin zaunar da ita a gaba tana ganewa, in tana baya sai ta yi ta murtuke ido," an ceci shekara guda ta rayuwar yarinyar. Yadda muke miƙa mara lafiya a asibiti, haka ya kamata a riƙa miƙa aji a ƙarshen shekara, yaro bayan yaro: wa ya iya karatu, wa ya tsaya a haɗa baƙi da wasali, wa ke shan magani, wa ya rasa mahaifi kwanan nan. Zaman awa biyu ya isa, kuma ba ya cin ko kwabo.

To ke mene ne naki?

Kina iya cewa ke ba malama ba ce, ba ki da ta cewa a ofishin hedimasta. Kina da ita. Makaranta tana sauraron abin da iyaye suka dame ta da shi. In kuɗin fati kawai muke magana a kai, a kansa za a yi ta taro.

Ki fara daga gida. Ki samo ɗan gajeren labari na Hausa wanda yaronki bai taɓa gani ba, ki ce ya karanta miki, sannan ki tambaye shi abin da ya faru a ciki. Kada ki dogara da sakamakon jarrabawa kaɗai, domin yaro yana iya haddace abin da ke allo ya zo na uku alhali bai iya karatu ba. In ke ba ki karanta boko, ki sa yayarsa ko maƙwabciya ta saurara miki.

Idan kin je makaranta, ko a taron iyaye da malamai, ki yi waɗannan tambayoyi cikin ladabi:

Yaushe malamai suke zama su tattauna koyarwa, ban da taron sanarwa da rabon aiki?

Sabon malami idan ya zo, wa ake haɗa shi da shi ya riƙa duba shi?

Malamar da ta koyar da ɗana bara, ta yi wa ta bana bayaninsa?

Yaran da aka bari a baya a karatu, wane shiri aka yi musu?

Ko ba a ba ki amsa mai gamsarwa ranar ba, kin jefa ƙwallon. In uwa biyar suka maimaita tambaya ɗaya, hedimasta zai kwana da ita.

Idan makarantar gwamnati ce, tana da kwamitin al'umma da ake kira SBMC, kuma akwai gurbin mata a cikinsa. Wasu garuruwan ma suna da ƙungiyar iyaye mata ta makaranta. Ki nemi wadda take wakiltarku ki ba ta saƙo. Kwamitin yana iya roƙon ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ya amince a ware awa ɗaya a mako ko a mako biyu don zaman malamai. In aka ce ranar Alhamis yara za su tashi da wuri saboda haka, kada mu zama mu ne masu ƙorafin an cuce mu awa ɗaya. Wannan awar ribarta tana dawowa cikin sauran kwanakin.

Ki haɗa malaman ɗanki da junansu. Yaro ɗaya yana da malamar boko, da malamin Islamiyya, wani har da malamin lesin, kuma galibi babu wanda ya san abin da ɗayan yake yi. Ki nuna wa malamin lesin littafin aji, ki ce ya bi hanyar da malamar take bi don kada a raba wa yaro hankali. In malamin Islamiyya ya ce yaron yana da saurin hadda in an rera masa, ki kai wa malamar boko wannan labari, zai yi mata amfani.

Sannan ki kula da harshenki a gaban yara. Uwar da take zagin malami a gida ta rushe abin da take biya a gina. In akwai matsala, ki je ki same shi ke da shi.

In ke malama ce

Na san cikin masu karanta wannan shafi akwai malamai da yawa. Malama, ba sai kin jira takarda daga SUBEB ba. Ki nemi abokiyar aiki ɗaya da kika yarda da ita. Ki ce mata, "Yarana suna rikita b da d, zo ki zauna a ajina minti ashirin ki ga me ke faruwa." Mako mai zuwa ke ma ki je nata. Ku yi alkawarin abin da aka gani a aji ba zai zama hirar ɗakin malamai ba. In mutum biyu suka ga amfani, ta uku da kanta za ta nemi shiga.

Wayar da ke hannunki ma makaranta ce. Malamai da dama suna da zauren WhatsApp, amma yawanci sanarwar biki da ta'aziyya da jita-jitar albashi ne suka cika shi. Ku ware rana ɗaya a mako ta zama ta darasi kawai: wata ta turo muryarta tana bayanin yadda ta koyar da gaɓoɓin kalma da marafan kwalba, wata ta turo hoton allonta. Sai dai a kiyaye amana. Kada a sa hoton fuskar ɗan wani, ko sunansa da makinsa, balle a mai da kuskuren yaro abin dariya.

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ginin aji da sayen littafi da biyan albashi a kan lokaci nauyi ne a wuyan hukuma, kuma ba za mu daina nema ba. Amma zaman malamai su koyi da juna abu ne da za a iya farawa a wannan zangon, a makarantar da ke bayan gidanku, da malaman da ake da su yanzu. Yaron da yake aji biyu bana ba zai iya jira sai komai ya gyaru ba.

Idan a makarantar 'ya'yanki ana irin wannan zama, ko ke malama ce kun gwada, ki ba mu labari a ƙasa: yaya kuka fara, kuma me ya ba ku wuya? Wata uwar a wani garin tana iya ɗauka ta kai tasu makarantar. Allah ya raya mana zuri'a, ya saka wa malamanmu da alheri.